Rumbun da gara ta ci ta ciki

'Yan uwana matasa, salama. Bara da bazara muka buɗe rumbun babanmu a nan wajen Roni, daga waje kam ba ka cewa komai, an yaɓe shi tsaf ga sabuwar jinka, amma da ƙanena ya shiga ya ɗago damin geron ƙasa sai ga shi yana zubewa a hannunsa kamar toka, ashe gara ta biyo ta gindi ta yi ta ci ba wanda ya sani. Tun ranar abun nan bai bar raina ba, don da yawanmu haka muke a coci.

Ran Lahadi an sha anko, kwaya, wato mawaƙan coci, ta tashi murya kamar ta mala'iku, a WhatsApp kuma kullum aya ake ɗorawa. Ba wai ina cewa laifi ba ne fa, ni ma ɗan kwaya ne. Amma ran kasuwa waye ke bubbuga gindin tiya don awo ya ragu? Waye ke sa waken da ƙwari suka huda a ƙasan buhu ya rufe da mai kyau? Kar mu ce wasu ne, mu ne.

Ku tuna da annabi Sama'ila ya je Baitalami gidan Yesse don ya zaɓi sarki cikin 'ya'yansa, yana ganin babban ɗan Eliyab da tsayinsa ya ce ai shikenan ga sarki. 'Ya'ya bakwai suka wuce Allah bai zaɓi ko ɗaya ba, sai da aka aika aka kira autan Dauda yana can wajen kiwo. 1 Sama'ila 16:7, mutum siffa yake duba, Ubangiji kuwa zuciya. Kuma Daudan nan da ya faɗa cikin zunubi bai tsaya kare kansa ba, a Zabura 51 sabuwar zuciya mai tsabta ya roƙa.

Ita zuciya ba a gyara ta a taro. Yesu ya ce ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa ka yi addu'a, to in ɗakinku ku biyar ne kamar namu ai akwai bayan rumbu, akwai gindin kuka da asuba kafin a fita gona. Tun 1932 Littafi Mai Tsarki yake da Hausa, yanzu har cikin wayarka yake, amma datar duk TikTok ke cinyewa.

Bari in tona kaina. Shekara biyu ba ma ga maciji da ɗan baffana akan iyakar gona, kunya biyu kacal fa, ina gaba ina ba da waƙa yana benci na uku ko kallonsa ba na yi. Wata rana an tashi sujada wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata, ko karatu ba ta iya ba, ta riƙo rigata ta ce, ɗan nan, baikon da kake sakawa Allah ne ke karɓa ko kwano? Gaskiya na ji haushi sosai, sai da dare na buɗe Matiyu 5:23-24 na ga wai ka ajiye baikon gaban bagade ka je ku shirya da ɗan uwanka tukuna. Sati biyu ina jan ƙafa kafin na iya yin sallama a ƙofar gidansa, na durƙusa na ce yaya ka yafe min. Kunyoyin nan biyu na bar masa, bana gyaɗa ya shuka a wurin.