Yaron da ba ya gaisuwa

Ɗan yayata shekararsa 9, ya haddace izu 20. Ka faɗa masa lambar mota sau ɗaya, bayan wata guda zai maimaita maka ita. Amma ko hakimi ne ya shigo gidan, ba zai durƙusa ba. Da an tayar da injin markaɗe a maƙwabta sai ya toshe kunnuwa, ya shige bayan ƙofa yana jijjiga jiki.

Ƙanwarsa kuwa, duk layinmu a Tudun Wadar Zariya babu gidan da ba ta da ƙawa, amma lissafi har yau yana ba ta kashi. Ita ana cewa a yi haƙuri, karatun zai zo. Shi kuwa tuni aka yanke masa hukunci, wai ba shi da tarbiyya. Wasu suka ce iska ce, aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi. Sai da aka kai shi asibitin koyarwa na Shika likita ya ce otizim ne, wato yanayin da ke shafar yadda mutum ke magana da mu'amala da jama'a, abin da ake kira galahanga. Ni dai ba na son sunan nan, ya fi kama da zagi.

Abin da ya jinkirta mu shi ne, rashin kallon ido da likitoci ke lura da shi tun farko, mu a wajenmu kunya ce. Shekaru muka yi muna yabon alamar da ya kamata ta farkar da mu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da wannan yanayi, kuma an fi gano shi a maza. To ku ƙirga ɗaliban firamare ɗaya a Sabon Gari. Muna taƙama da garin ilimi, ga dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman an sa mata hannu tun 2019, amma malamin ajinsa bulala ya sani.

Kada kuma a ɗauka duk masu otizim haziƙai ne. Akwai wanda zai girma bai furta kalma ba, shi ma haƙƙinsa na kanmu.

Yayata ta koma koya masa gaisuwa kamar yadda ake biya allo, kullum kaɗan-kaɗan. Jiya bayan magariba ya tsaya gabana, idonsa a kan takalmina, ya ce, "Kawu, ina kwana." Na ce lafiya lau, an tashi lafiya?