Jarka Ɗaya Ta Kashe Laftana

Ranar da tauraron tekuna, halittar ruwan nan mai hannu biyar, ya iso unguwarmu Mabera a Sakkwato daga Legas, cikin leda biyu a ƙasan kula, Inna ta leƙa ta daɗe tana kallonsa. Can ta ɗago ta ce, "Wanga abu cin shi akai?" Na ce a'a. "To mi yaka yi?" Na ce kwanciya. Ta ce in dai kwanciya ce, ai ƙanena yana yinta kyauta. Yara kuwa da suka ga tauraro guda suka raɗa masa Laftana.

Kada a ɗauka da ka na shiga harkar. Tankin gilashina mai lita 200 ya yi wata bakwai yana aiki da ƙananan kifaye biyu da duwatsun teku kafin Laftana ya zo, don tauraro ba ya son sabon tanki, sai wanda ya haura wata shida, amoniya da naitirayit, gubar da ƙazantar kifi ke haifarwa, sun tsaya a sifili. Ruwa na injin RO, mai tace ruwa ya fito zalla, nake sa wa, saboda na famfo yana da kulorin, na rijiya da burtsatse kuma suna ɗauke da ma'adinan da ba a gayyata ba. Gishirin ma na musamman ne na buhu, mai haɗin kalsiyam da magniziyam. Gishirin miya ba ya yi, na Balma ma haka. Ma'aunin shi ne giram 35 na gishiri a kowace lita, wato kilo 7 ke nan narke a tankina, kuma a madubin rifraktomita, na'urar auna gishirin ruwa, yana nuna kusan 1.026. Nau'in da na zaɓa mai ƙusoshi baƙaƙe ne a baya, Protoreaster nodosus, domin yana karɓar abinci a hannu. Shuɗin nan mai kyau, Linckia, yawanci yunwa ke kashe shi a tanki mai shi na yabon kyansa.

Shigar da shi ma a ƙa'ida na yi. Na juye shi da ruwan ledarsa a bokiti, na jawo ruwan tanki da siririn tiyo, na ƙulle tiyon har ya koma ɗiga biyu zuwa uku a daƙiƙa. In ruwan bokiti ya ninka sai in zubar da rabi in ci gaba. Awa uku ina tsugune kamar mai jiran gawon shanu. Daga nan na tallabe shi a kofi, da ruwansa, na nutsa kofin a tanki bai sha iska ba.

Inda na yi tuntuɓe a watan Maris ne. Zafi ya fara, ma'aunin ya haura digiri 28, alhali halittar nan 24 zuwa 26 take so. Na ɗaura ƙaramar fanka tana hura saman ruwan. Dabarar tana aiki ƙwarai a busasshiyar iskarmu, sai dai kullum tankin yana shanye lita uku. Ni kuwa da wayona na ce tankin gishiri ne, da ruwan gishiri za a cike shi. Kwana goma ina haɗa lita uku ina zubawa, ina jin kaina gwani.

Duk matar da ta taɓa barin miya a kan wuta ta fi ni sanin abin da ya biyo baya. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan daram. Lita 30 sau giram 35, na ƙara wa tankin fiye da kilo guda ba tare da na cire ko cokali ba. Laftana ya daina yawo, ya lafe a kusurwa, ya ƙi taɓa guntun jatan lande da nake sa masa a ƙarƙashi sau biyu a mako. Matsalar kiwon tauraro ke nan, mai lafiya da mara lafiya duk a kwance suke. Sai da na ɗauko rifraktomita daga inda yara suka mai da shi tabarau, na ɗiga ruwa na duba ta taga: 1.030. Giram 40 a lita.

Da a nan na tsaya na yi tunani, da wataƙila yana raye. Gyaran shi ne a sauke gishirin sannu, kada ya wuce 0.001 a rana, wato aikin kwana huɗu ko biyar. Ni kuwa na yi lissafi a bayan kwalin ashana: cire lita 25, mayar da lita 25 na ruwa zalla, a dawo 35 cif. Lissafin bai yi ƙarya ba. Na kinkimo jarka na tuttula a minti biyar, har ina ce wa uwargida ta zo ta ga aikin ilimi.

Kifayen biyu ko a jikinsu, don kifi yana da ƙoda da gaɓoɓin numfashi masu daidaita gishirin jikinsa. Tauraro ba shi da wannan gata. Ba kifi ba ne ma, ba jini, ba ƙwaƙwalwa. Ruwan teku yake ja ta wani ɗan faifai mai ramuka a bayansa, ya tura shi cikin ɗaruruwan ƙananan ƙafafun da yake tafiya da su. Gishirin da ke cikinsa daidai yake da na waje. Da na sauke na waje farat ɗaya, ruwa ya kutsa cikin namansa ya kumbura shi. Washegari farin tabo ya fito a hannu ɗaya. Rana ta biyu ƙarshen hannun ya fara zagwanyewa kamar sabulun da aka manta a baho. Na kifar da shi a bayansa, gwajin da ake yi ke nan, mai lafiya zai murɗa hannu ya juyo cikin 'yan mintuna. Laftana ya tsaya yana kallon silin. Rana ta uku wari ya kore mu daga falo, na cire shi da sauri kafin amoniya ta haɗa da kifayen, na canja lita 40 da ruwa mai ma'auni ɗaya da na tankin.

Inna ta ce, "Yau ka gane yam mutu? Ni tun ran da yaz zo ban ga alamar rai ba."

Wanda ya gaje shi yara sun ba shi Kyaftin, ƙarin girma tun bai yi komai ba. Na manna tef a jikin gilashi daidai bakin ruwa, safe da yamma ina cikewa zuwa layin da ruwan RO zalla. Ruwan gishiri sai ranar canji, lita 20 duk mako biyu, wanda na haɗa tun jiya ya kwana famfo na juya shi. Maganin farin ƙurjin kifi mai jan ƙarfe ba ya shiga tankin ko da wasa, ɗan kaɗan ɗinsa ke kashe tauraro. Na kuma sayi famfon iska mai batir, domin in an ɗauke wuta a Afrilu, ruwa mai ɗumi iskarsa ba ta da yawa.

Sauran rigimar ta firiza ce. In zafi ya haura 40 a waje fanka ba ta isa, sai in jefa gorar ƙanƙara mai lita ɗaya da rabi, a rufe gam, tana iyo a sama, ɗaya bayan ɗaya don kada sanyin ya faɗo a lokaci guda. Gorori shida nake juyawa, kuma gurbin zoɓon sayarwar uwargida suka ci. Daren Talatar nan aka ɗauke wuta, na laluba a duhu na jefa gora. Da asuba na tarar da Kyaftin ya hau gilashi ya manne da jar gora, uwargida na tsaye a kaina da hannu a buɗe.

"Malam, ɗari biyar ne. Ko kai ka biya, ko hafsan naka."