Kada kuɗin haƙƙin mawaƙa ya rufe bakin ƙananan rediyon intanet

Akwai wani ɗaki a Garwa, a arewacin Kamaru, da nakan leƙa bayan sallar isha'i. Tebur ɗaya ne, da kwamfuta, da makirufo ɗaure da salatif, sai batirin sola a ƙarƙashin kujera don gudun ɗauke wuta. Daga nan wani matashi ke watsa shiri ta intanet, da Hausa da Fulatanci. Direban tirela a hanyar Duwala ya aiko gaisuwa ga mahaifiyarsa, ɗan kasuwa a Injamena ya roƙi a saka masa kiɗan goge. Kuɗin data daga aljihunsa yake fita.

Abin da ya faru a Amurka ne ke sa ni jin tsoro a kansa. A watan Maris na 2007 hukumar da ke yanke kuɗin haƙƙin mallaka a can ta ce rediyon intanet zai riƙa biya kan kowace waƙa, kan kowane mai sauraro: dala 0.0008 a 2006, ya hau zuwa 0.0019 a 2010, ƙungiyar SoundExchange ke karɓa. A ido kamar ba komai. Amma ka ninka da waƙoƙin yini guda, ka sake ninkawa da kunnuwan da ke saurare. Ma'ana, duk ranar da jama'a suka ƙara son tasharka, ranar bashinka ya ƙaru, ko da ko sisi bai shigo maka ba. Ranar 26 ga Yuni na shekarar tashoshi da dama suka yi shiru don nuna fushi. A Janairun 2016, bayan rangwamen da ake yi wa ƙanana ya ƙare, Live365, dandalin da dubban ƙananan tashoshi suka fake a ƙarƙashinsa, ya rufe na wani lokaci.

Ba na cikin masu cewa a ci gumin mawaƙi a banza. Makaɗin da ya tsufa yana dogaro da liƙin biki ya cancanci fiye da haka, kuma dokar Kamaru ta Disamban 2000 ta ba shi haƙƙinsa. Sai dai an sha sauya ƙungiyar da ke karɓa masa, daga CMC zuwa SOCAM zuwa SONACAM. Ka tambayi mai kalangu a Marwa ko ya san inda ake rajistar waƙa.

To wa ke saka waƙarsa a ji ta har Libiya da Makka? Wannan ɗan ɗakin ne. In aka ɗora masa kuɗin kan-kunne, mawaƙin da aka ce ana karewa shi zai fara rasa.

SONACAM a nan, da BUTDRA, takwararta a Chadi, su yanke kaso daga abin da tasha ta samu, wadda ba ta samun talla kuma a sa mata ɗan kuɗi tsayayye a shekara. Tashar ta rubuta duk waƙar da ta saka, a bi wannan takarda wajen rabo, kuma a buɗe wurin rajista a Garwa, Marwa da Ngaundere.