Snowden da sashen da Jami'ar Howard ta rushe

A 2021 Jami'ar Howard da ke birnin Washington ta sanar da rushe sashenta na nazarin tsohon harshen Girka da Latin, wanda babu irinsa a sauran jami'o'in baƙaƙen fatar Amurka. A ganina an tafka kuskure, kuma rayuwar Farfesa Frank Snowden kaɗai ta isa hujja.

An haife shi a jihar Virginia a 1911, ya girma a Boston, ya yi digirin digirgir a Harvard a 1944, lokacin da ake hana baƙar fata zama kujera ɗaya da Bature a motocin haya na kudancin ƙasar. A wannan sashe na Howard ya ƙare aikinsa na koyarwa. Tambayar da ta ci masa shekaru ita ce: yaya mutanen Girka da Rum na dā suka ɗauki baƙin mutum? Bai tsaya ga littattafai ba. Ya bi gidajen tarihi yana duba tsabar kuɗi, da gumaka, da tulunan da aka ƙera da siffar kan ɗan Afirka, gashi a nannaɗe, leɓe da hanci yadda suke. Abin da ya fitar a littafinsa na 1970 shi ne, waɗancan mutane sun bautar da mutane, sun raina mutanen wasu ƙasashe, amma ba su mai da launin fata ma'aunin daraja ba. Ke nan wariyar launi ba tun fil'azal take ba, daga baya aka ƙirƙiro ta. Wasu masana na cewa ya yi wa Girkawa sassauci, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai da nassin Girkancin suke ja da shi, ba da baki kawai ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai yi wa nasa kara ba. Da wasu 'yan'uwansa suka dage cewa Kiliyofatara, sarauniyar Masar ta dā, baƙa ce, ya ce hujja ba ta nuna haka ba. Ya sha suka. Tun a 1968 ma ɗalibai masu zanga-zanga suka matsa har ya sauka daga shugabancin tsangaya.

Masu cewa wannan ilimin Turawa ne su duba: da Snowden bai iya Girkanci ba, da sai abin da Bature ya fassara masa game da kakanninsa. Ya rasu a 2007. Yanzu ɗalibin Howard da ke son bin sawunsa zai tarar an rarraba malaman sashen zuwa wasu sassa.