Ranar da na buɗe ƙofa ta 6881 a gidanmu

Wallahi karambani ne ya ja min. Ubuntu, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, nake son saukewa a tsohuwar laftof ɗina, kusan giga 6 ne, sai na ce bari in bi ta torrent, hanyar da mutane ke sauke fayil daga kwamfutocin juna, da manhajar qBittorrent, tunda ko an ɗauke wuta zai ci gaba daga inda ya tsaya. Tun la'asar abin ke rarrafe, kilobait 40, 50, ga wata 'yar alamar wuta ruwan goro a ƙasa wai babu mai iya shigo min kai tsaye.

Da na bincika sai aka ce ƙofa, wato port, zan buɗe a rauta, akwatin nan mai raba wifi. Ashe kwamfuta ƙofofi 65535 gare ta, mu nan Katsina daga Ƙofar Soro zuwa Ƙofar Guga da Ƙofar Marusa duka ba su cika goma ba muke ta fankama. Rautar ta Yaya ce, irin mai layin waya a ciki, gidan gaba ɗaya da ita ake amfani. Na buga 192.168.8.1, na shiga da admin, na buɗe 6881 zuwa 6889, na kunna UPnP mai barin manhajoji su buɗe ƙofa da kansu, na koma Windows na kashe fayawol, mai gadin ƙofofin kwamfuta, ɗungurungum don a ganina shi ne ɗan hassadar. Shiru. Daga nan ne fa na fara taɓa abin da ban san sunansa ba, har na kashe wani wai shi DHCP don na ga kamar ba ya aikin komai.

Ashe shi ke raba wa wayoyi adireshi. Ba a jima ba sai muryar Hajiya daga tsakar gida, tana cikin waya da Anti ta Makka a WhatsApp, "Wai wa ya taɓa akwatin nan?"

"Hajiya sabis ne yau babu kyau."

"Sabis ɗin a ɗakinka yake kwana? Kai dai Allah ya shirye ka."

Ƙarshe da tsinken sakace na danne ɗan ramin bayan rautar sai da ta koma yadda aka sayo ta, ga takardar fasiwod ta ƙasa manja ya cinye rabi, har isha'i ina haskawa da tocila ina canke ko 8 ce ko B.

Wajen ƙarfe 2 na dare abin ya zabura da kansa, na ce yauwa, aikina ne ya fara ci, na kwanta. Ban san in ya gama saukewa yakan juya ya dinga raba wa wasu ba, kuma ban sa masa iyaka ba. Da safe datar wata ta gida ta yi ƙasa warwas, na ciyar da mutanen Jamus da Indiya ina ta minshari.

Abokina mai gyaran waya sai da ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce in duba adireshin da kamfani ya ba rautar, na ga ya fara da 100.64, ya ce to wannan CGNAT ne, ɗaruruwan mutane ke bayan adireshi ɗaya, ƙofar ɗakinka ka buɗe alhali makullin zaure na hannun mai gida. Gudun dare kuwa mutane ne suka yi barci.

Yaya bai ce min uffan ba, fasiwod kawai ya canza. Ƙanwata 'yar aji biyu ta san shi, naira 200 take karɓa kafin ta sa min, kuma sai na juya baya.