Rafin da suka tone da wanda muka binne

Shekarata huɗu ke nan a birnin Seoul na Koriya ta Kudu, kuma babu inda ke tuna mini da gida kamar wani ɗan rafi da ya ratsa tsakiyar garin, ana kiran sa Cheonggyecheon. In na tashi daga aiki da yamma nakan sauka ta matakala in bi gefensa a ƙafa. Ruwa garau, ga kifi na kai da kawowa, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya, yara na tsallaka duwatsu. Ni kuwa rafin Jakara na garinmu Kano nake gani a raina.

Abin da ya tayar mini da wannan magana shi ne wayar da muka yi da ƙanena makon jiya. Ya ce, "Yaya, rijiyar gida fa an daina sha. Ta fara wari, Hajiya ta ce a bar ta sai wanki." Wannan rijiyar da ita aka yaye mu duka. Abin da ya sauya a unguwar ɗaya ne: an cike kududdufin bayan gidanmu da shara da ƙasa, an yanka shi filoti-filoti, an jera shaguna da gidajen haya har bakin magudanar ruwa, kowane gida da masansa.

Mutanen Seoul sun bi wannan hanyar kafin mu. Bayan yaƙin Koriya ya tsaya a 1953, 'yan gudun hijira suka yi ta kafa bukkoki a gaɓar Cheonggyecheon, bahaya da ruwan wanke-wanke duk cikinsa. Da wari ya ishe su, daga 1958 suka fara rufe shi da kankare, suka ɗora titi, suka ƙara gadar sama a kai wadda aka kammala a 1976. Kasuwanni suka cika gefe da gefe, aka ce ci gaba ya zo. A watan Yulin 2003 kuma, magajin garin lokacin, Lee Myung-bak, ya sa aka rushe gadar, aka fasa kankaren, aka tono rafin tsawon kusan kilomita 6. Aka buɗe shi a 2005.

Mu kuma bayan 'yan shekaru, a zangon mulkin Kwankwaso na biyu, muka kama rufe Jakara domin a shimfiɗa titin da ake kira Wuju-Wuju. Na san dalilin, kuma ba na raina shi. Duk wanda ya taɓa zama kusa da Jakara ya san warinta da saurayenta, ya san fargabar iyaye in ruwa ya sauko yara na waje. Sai dai murfi ba ya wanke ruwa. Ƙazantar da ke shiga tana nan tana shiga, ido ne kawai ya daina ganinta.

Kuma ruwan ba tsayawa yake a birni ba. Jakara tana kwasar kwatamin gidaje da jinin mayanka, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, ta gangara madatsar Wasai a Minjibir. A hanya manoman lambu na jan ruwan nan da inji suna ba latas da kabeji da alayyafo. Da safe kayan su dawo kasuwa, mu saya mu yi kwaɗo. A kudancin gari ma labarin bai bambanta ba: majemun Sharaɗa da Challawa na amfani da sinadarin kuromiyom wajen jima, kuma kogin Challawa da ke kusa da su na cikin inda Kano ke ɗibar ruwan famfo.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan da ba a gani, na ƙarƙashin ƙasa. Kano a kan dutse take zaune. Ruwan da rijiyoyinmu ke samu yana maƙale ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama da cikin tsagogi, kuma damina ce ke cika shi duk shekara. Kududdufan da kakanninmu suka bari bayan sun ɗebi ƙasar gini su ne randunan gari: suna tare ruwan sama, su riƙe shi, ya riƙa tsuma ƙasa a hankali. Fadamar bakin rafi ma aikinta ke nan, ga tace datti kafin ya kai ga ruwa. In aka malale wurin da siminti, ruwan da ya kamata ya nutse sai ya bi titi a guje. Rijiya ta ja baya, mai hali ya haƙa burtsatse ya ƙara zuƙe ɗan abin da ya rage, marar hali ya koma jiran 'yan garuwa. Ga shi a bakin rafi ruwa kusa yake da sama, don haka ramin masai da bakin rijiya tamkar maƙwabta ne masu katanga ɗaya. Abin da ya sami rijiyarmu ke nan.

Wanda ya gina shagon ya karɓi kuɗin haya. Dillali ya karɓi la'ada. Hajiya ce ke sayen jarka. Ita ba ta sayar da ko taku ɗaya na kududdufin ba.

Ba ina cewa mu kwaikwayi Seoul ido rufe ba. Ruwan da ke gudana a Cheonggyecheon yawancinsa turo shi ake yi da injina daga kogin Han, kimanin tan 120,000 a kullum, da wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa. Garin da famfo ke yin makonni bai kawo ruwa ba, ba zai iya wannan ba, bai ma kamata ya gwada ba. Sannan an tashi ƙananan 'yan kasuwa da yawa daga wurin, wasu aka kai su wata sabuwar kasuwa can nesa inda ciniki bai bi su ba. Kuma siminti bai yafe wa Seoul ba: a watan Agustan 2022 ina nan ruwa ya shanye titunan Gangnam, mutum uku 'yan gida ɗaya suka rasu a ɗakinsu na ƙarƙashin ƙasa a unguwar Sillim. A daminar 2022 ɗin dai ruwa ya shiga Kantin Kwari a Kano ya lalata atamfofi da shaddoji, 'yan kasuwar da kansu suka riƙa nuna gine-ginen da aka ɗora a kan hanyar ruwa.

Abin da ya burge ni a aikinsu ba fitilu da furanni ba ne. Sun raba hanya: ƙazantar gidaje da shaguna na bin nata bututun a gefe zuwa matata, ba a barin ta ta faɗa rafin kai tsaye sai in ruwan sama ya yi yawa. Sun kuma bar wa ruwa fili ya cika ya koma. In aka yi hasashen ruwa mai ƙarfi, sai a rufe matakalun, a hana kowa sauka.

Wannan ɓangaren bai fi ƙarfinmu ba. Kududdufan da suka rage a ƙirga su, a sa su cikin taswira, a haramta cike su. A bar tazara tsakanin gaɓa da tubalin farko, kuma dokar ta hau kan mai filaza kamar yadda take hawa kan mai rumfar kwano. Duk wanda zai gina rukunin gidaje ko kasuwa kusa da ruwa, kafin a ba shi takarda ya nuna inda bahayan mutanensa zai tafi. Majema su tace ruwansu kafin su sake shi.

A bakin Jakara Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa kasuwar Kurmi fiye da shekara 500 da suka wuce, yau yaran da ke tasowa a wurin kwata kawai suka san ta. Na ce wa ƙanena ya kai ruwan rijiyar a auna, kafin nan kada a bari yara su yi ko kurkurar baki da shi.