Kibiya ba ta buƙatar kujera

'Yan uwa, akwai wani abu da mutanen bakin kogi suke yi a nan Amurka da zarar sanyi ya wuce, wato harbin kifi da baka. Da dare aka fi yi. Jirgin ruwa ne mai faffaɗan ciki, an yi masa dandamali a gaba, an kewaye shi da manyan fitilu masu haska ruwa har ƙasa, janareto yana ta ruri a baya, maharba uku ko huɗu suna tsaye kowa da bakansa. A Kogin Ilinoyi, inda nake zuwa, abin harinsu shi ne kifin da suke kira kaf. Akwai wanda hukumar kifi ta ƙasar ta shigo da shi daga Jamus a 1877, akwai kuma na Asiya, wanda aka kawo jihar Arkansas a shekarun 1970 don ya riƙa tsabtace tafkunan kiwo, ambaliya ta kwashe shi zuwa Kogin Misisipi ya cika ko'ina. Mai farin jiki daga cikin na Asiyan in ya ji ƙarar inji sai ya yi tsalle ya fito daga ruwa, wani lokaci ya faɗo cikin jirgi. Hukuma so take a rage su, shi ya sa da lasisin kamun kifi kawai mutum zai harba iya ƙarfinsa.

A irin wannan jirgi ne wani matashi ya karɓi bakana ya jujjuya shi, ya ga babu abin da aka ɗaura masa sai kwalbar zare, ya ce da ni cikin fara'a, wai in na samu hali in sayi mazaunin kibiya na kirki, don yadda nake ɗora kibiya a jikin itace aikin mutanen da ne da ba su da zaɓi. Bai yi da nufin cin fuska ba. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin mutanen da ɗin nan na san su, kuma ban taɓa ganin sun rasa wani abu ba.

Bari in bayyana muku abin da ake gardama a kai. Kibiyar kifi ba irin ta farauta ba ce. Sandar faiba ce cikakkiya marar rami, kaurinta kusan milimita 8, nauyinta ya doshi giram 90, wato ninki uku na kibiyar da suke harbin barewa da ita. Ba ta da gashin tsuntsu a gindi, don ruwa zai karkatar da ita, kanta kuma ƙarfe ne mai kunnuwa da ke buɗewa cikin naman kifi. Duk wanda ya taɓa riƙe kibiyar maharbanmu zai gane ta nan take: babu gashi, akwai kunne. Bambancin shi ne zare. Ana ɗaura shi a jikin wani zobe da ke zamewa a kan sandar, a ajiye zoben a gaban baka kafin a ja. Dalili kuwa, in aka ɗaura zaren a gindin kibiya ya sarƙe da tsirkiya, kibiyar dawowa take yi da ƙarfinta ta nufi fuskar mai harbi. Wannan ƙirƙira tasu na yaba mata ba tare da wani sharaɗi ba.

To sai wurin da kibiyar za ta kwanta. Akwai mai ɗan gargare, kibiya tana gudu a kansa kamar taya. Akwai mai burushi, zobe ne da gashi ya cika cikinsa, ka cusa kibiya ta tsaya ko ka kife bakan. Akwai na ƙarfe ko roba mai siffar ƙugiya. Kusan dukkansu an ƙera su ne don bakan zamani mai tayoyi, wanda yake zuwa da ramin noti a gefe. Bakan itace na gargajiya sau da yawa ba shi da wannan rami, sai dai ɗan lebe da aka sassaƙa sama da mariƙi. Ka ga in za ka bi shawarar yaron nan, ko ka huda bakanka, ko ka liƙa masa wani farantin ƙarfe. Daga nan kibiyar ta tashi daga kusa da hannunka ta hau sama, ta ɗan kauce gefe, kai kuma ka koma koyon harbi daga farko.

Wannan tazara tsakanin hannu da kibiya ita ce duk maganar a wurina. Harbin kifi ba ya ba ka lokaci. Kifin zai bayyana a cikin haske, taku biyar ko shida daga gabanka, kafin ka ƙifta ido ya nutse. Ruwa kuma maƙaryaci ne, yana nuna maka kifi sama da inda yake, dole ka harba ƙasa da shi. Suna da lissafi a kai, wai inci 4 ƙasa ga kowace ƙafa ta zurfi in kifin yana nisan ƙafa 10, amma wa yake lissafi a kan jirgi mai tangaɗi? Hannu ne yake sani. Hannun kuwa ya fi sani in kibiyar tana kwance dab da yatsan manuni, inda ka nuna nan take zuwa.

Ba na musun amfanin mai burushi. In iska ta taso, ko ga yaro mai koyo wanda kibiya ke yawan zame masa, yana rage wahala. Kuma ba zan ce wa kowa ya ɗora sandar faiba a kan fatar hannunsa ba, domin in ta tsufa tana tsagewa, tsartsenta ya shige nama. Fata ko gashin da ake shimfiɗa wa leben baka ma ruwa da majinar kifi suna ruɓar da shi, kibiya mai nauyi ta cinye sauran. Abin da na ga dattawan wurin suna yi, kuma shi nake yi, shi ne a kwaɓa gam ɗin nan mai kala biyu, a ɗora dunƙulensa a kan leben, a shafa wa kibiya mai a danna ta a ciki ta yi wa kanta kwari, a bar shi ya bushe. Sai ka tabbata ɗan notin da ke tare zoben a gindin kibiya yana kallon sama don kada ya bugi gam ɗin. Ka harba cikin ruwa ka duba: in gindin kibiya yana dukan ruwa a karkace, ka ɗaga ko ka sauke wurin da take kama tsirkiya kaɗan-kaɗan har ta shiga a miƙe. Baka mai ƙarfin laba 35 zuwa 45 ya wadatar.

Waɗannan dattawa su ne suka fi tsaya mini a zuciya. Mutum ya haura saba'in, yana da kuɗin sayen kowane irin baka, amma ya zaɓi na itace, yana alfahari da sunan wanda ya sassaƙa shi, yana zaunar da jikansa ya koya masa yadda ake sakin tsirkiya. Suna da ƙungiyoyi da taruka na shekara-shekara don bakan gargajiya kawai. Mu kuwa kun san yadda muke kallon mai rataye da kwari da baka. Kawuna ya yi shekaru yana harbi, kyauro a kan yatsa, babu lebe balle gam, kuma a cikinmu 'ya'yan gidan babu wanda ya zauna ya tambaye shi irin itacen da yake zaɓa, ko yadda yake miƙe kyauro, ko me yake kallo lokacin da zai saki. Makaranta muke, muna ganin abin na ƙauye ne. Ya rasu da iliminsa, ni kuma ga ni a ƙasar wasu ina koyon sakin tsirkiya daga bakin Bature.

Ɗana a nan aka haife shi, ya fara ja da ƙaramin baka. In ya tambaye ni yadda kakanninsa suke harbi, abin da nake da shi ɗan guntu ne da na gani da idon yarinta. Don Allah, wanda duk yake da sauran maharbi ko mai sassaƙa baka a kusa da shi, ya ɗauke shi a waya yana aiki, ya matso da kyamara kusa da hannunsa na hagu, inda kibiyar take kwanciya, ya turo mini.